Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa Kan Kalmar "Want" a Tasawa da Mayahi

Yaron da ya tashi a Korgom, ko Maijirgi, ko Kanambakashe, ta ƙofa biyu Ingilishi ke riskarsa. Ta farko ƙofar lakwal ce. Bayan ya yi shekara 6 a firamare ana koyar da shi da Faransanci, ranar da ya shiga ajin farko na kwaleji sai a ɗora masa wani harshen, a kuma riƙa yi masa bayaninsa da Faransancin da har lokacin bai gama zama a bakinsa ba. Ta biyu ƙofar kudu ce. Yayyensa na tafiya cin rani Katsina da Kano da Abuja, wasu har Ikko, su komo gab da shuka da kalmomin da suka tsinta a tasha da bakin kasuwa. Abin da mushe ya rubuta a allo daban, abin da yayansa ke faɗa a majalisa daban, kowanne kuma ya haƙiƙance nasa ne daidai.

Babu kalmar da wannan saɓani ya fi fitowa fili a kanta kamar "want". Tana cikin aikatau na farko-farko da kowa ke koya, domin da ita ake neman ruwa, da ita ake neman aiki, da ita mutum ke faɗin abin da ya kawo shi. Batun kuma ya daina zama na ƴan makaranta kaɗai. A watan Maris na 2025, kundin da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A cikin watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci, wadda aka aza harsashinta a Yamai ranar 20 ga Maris 1970. Ga kuma layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya shigo Maraɗi. Duk mai ɗa a kwaleji a Tasawa ko Mayahi yana da dalilin damuwa da irin Ingilishin da ɗan nasa ke kwasa. Shi ya sa na ga ya dace a bi maganganun da ake yi kan wannan kalma, a ga wacce ke da tushe, wacce kuma iska ce kawai.

"Want ai so ke nan"

Wannan ita ce uwar sauran. Ana cewa duk inda Bahaushe zai ce "so", Bature "want" zai ce. Rabinta gaskiya ne, rabin da ya rage kuwa shi ke jefa mutane cikin kunya.

Kalmarmu ta "so" tana da faɗi ƙwarai. Da ita mutum ke son fura, da ita yake son mahaifiyarsa, da ita yake son tafiya Damagaram gobe, da ita saurayi ke son budurwa. Ingilishi ya kasa wannan aiki gida uku. Abin da kake nema a ba ka, ko kake da niyyar yi, na "want" ne. Abin da ke maka daɗi, yana gabanka ko ba ya nan, na "like" ne. Ƙauna mai zurfi kuwa ta "love" ce. Wanda ya ce "I like fura" labarin halinsa ya ba da, ba wanda zai tashi ya dama masa. Wanda ya ce "I want fura" ƙwarya yake jira a miƙo masa.

Inda abin ya fi zafi shi ne in mutum ake magana a kai. Ɗalibin da ya so yabon malaminsa ya rubuta "I want my teacher", mai harshen zai ɗauka nemansa yake yi, a kira masa shi. Saurayin da ya aika wa wadda yake nema da aure "I want you", yana zaton ya ce "ina son ki", ya furta maganar da a kunnen Bature ta fi karkata ga sha'awar jiki, irin wadda shi kansa ba zai iya faɗa da Hausa a gaban kowa ba. Yanzu da zance da yawa ya koma WhatsApp da Facebook, wannan ba abin rainawa ba ne. A nan Faransanci yana da ɗan taimako: wanda ya riƙe bambancin "vouloir" da "aimer" ya rage wa kansa rabin aiki, sai ya tuna cewa "aimer" ɗin ma Ingilishi ya raba shi biyu.

"Yadda muke jera magana, haka su ma suke jerawa"

Ba a cika faɗin wannan da baki ba, a takardun yara ake ganin sa. Bahaushe na cewa "ina so ka zo". Bafaranshe na cewa "je veux que tu viennes". Harsunan biyu sun yi tarayya a abu ɗaya: bayan kalmar so, sai wata ƙaramar jimla ta biyo, da nata mai aikin da nata aikatau. Yaron da harsuna biyu suka nuna masa hanya ɗaya, me zai hana shi rubuta "I want that you come"? Hankali ya yi amfani da shi, ba sakarci ba. Sai dai Ingilishi bai bi ta nan ba. Abin da ake cewa shi ne "I want you to come". Mutumin da ake so ya yi aikin yana biyo "want" nan take, sai "to", sai aikatau ba tare da wani ƙari ba. In wakilin suna ne, sigar wanda aiki ya faɗa wa yake ɗauka, wato "me", "him", "her", "us", "them". Don haka "babana yana so in yi karatu" ta zama "my father wants me to study", "tana so su jira" ta zama "she wants them to wait".

In mai so da mai aikatawa mutum ɗaya ne, "ina so in tafi" ta zama "I want to go". A nan ma an yi wa yaron taron dangi. Faransanci na cewa "je veux partir", ba komai a tsakani. Yayansa da ya dawo daga Ikko na cewa "I wan go", shi ma ba komai a tsakani. Sai "to" ta ɓace, a samu "I want go". Wani kuma, don tsoron kada ya manta da ita, sai ya cusa ta har gaban suna. "I want water" neman ruwa ne. "I want to water" kuwa cewa ne kana so ka yi ban-ruwa, mai sauraro zai jira ya ji ko albasa ce ko tumatir.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke cin maki. Mutum na uku tilo yana ɗaukar harafin "s": "he wants", "Hadiza wants". Da zarar "does" ko "doesn't" ta shigo, harafin ya koma kanta: "does he want", "he doesn't want". Haka abin da ya wuce: "I wanted", amma "I didn't want". Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba. In aka tambayi Bahaushe ko yana son shayi, "ina so" kaɗai ta wadatar. "Yes, I want" kuwa a Ingilishi jimla ce da ba a ƙarasa ba, domin kalmar tana neman abin da za ta faɗa a kai. Amsar ita ce "yes, please" ko "yes, I do".

"Ba a taɓa sa wa want -ing"

Wannan doka ce da malamai ke bayarwa, kuma suna da dalili. "Ina so" siga ɗaya gare ta da "ina tafiya" da "ina rubutu", don haka yaron da ya koyi "I am going" da "I am writing" kai tsaye zai ce "I am wanting". Ingilishi kuwa yana lissafa "want" cikin aikatau masu nuna hali ko yanayin zuciya, irin su "know" da "believe", waɗanda ba a cika sa su a sigar aikin da ake cikin yi ba. A wannan gwargwado maganar gaskiya ce, kuma mai zana BEPC ya riƙe ta da kyau.

Kalmar "ba a taɓa" ce ta yi yawa. "I have been wanting to see you", wato "na daɗe ina son ganinka", tsabtataccen Ingilishi ne da za a ji a bakin kowane mai harshen. A Sikotilan da arewacin Ingila akan ji mutum ya tambayi baƙo "are you wanting tea", a Indiya ma wannan siga ta zama ruwan dare. Ɗan kasuwarmu da ya kai riɗi kasuwar Dawanau ya ji Ba'indiye ya faɗi haka, kada ya ɗauka mutumin bai iya ba.

"Hausa ce ke ɓata wa yaranmu Ingilishi"

Wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai, domin ita ke da illa mai daɗewa. Akwai iyaye da malamai da suka yarda cewa yaro ba zai iya harshen waje ba sai an rufe masa nasa, kuma hanyar Ingilishi dole ta bi ta Faransanci. Tunanin tsoho ne. A makarantun zamanin mulkin mallaka akan rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gida wata alama a wuya, ya yi ta yawo da ita har ya kama wani. Nijar ta soma juya wa wannan baya tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa, amma tunanin bai mutu ba.

A duba kurakuran da muka lissafa a sama. "I am wanting" daga Hausa ta fito, babu musu. "I want go" kuwa ba ruwan Hausa, domin Bahaushe bai taɓa cewa "ina so tafi" ba. Faransanci da Turancin kasuwa ne suka haife ta. "I want that you come" ma kalmar "that" ɗin ta Faransanci ce, tunda "ina so ka zo" ba ta da wata kalma a tsakani. Kowane harshe da ke cikin kan yaro yana jan sabon zuwa gefensa, wannan haka yake ko'ina a duniya. Hana Hausa a aji ba ya fitar da ita daga kan yaron, sai dai ya hana malami ganin inda kuskuren ya ɓullo. Mushen da ya rubuta jimla uku a allo, ta Hausa da ta Faransanci da ta Ingilishi, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ya ce wa yara su nuna masa inda suka saɓa, zai yi cikin minti kaɗan abin da bulala ba ta yi a shekara ba. Yaron Urafan da ake yi wa bayanin harshe na uku da harshe na biyu, alhali na farkon yana nan a ajiye, wahala biyu ake ba shi a madadin ɗaya.

Ya kamata kuma a tuna cewa sa'a ce kawai ta tarihi ta sa ɗan Tasawa ke karatu da Faransanci, ɗan'uwansa na Katsina da Ingilishi. Dangi ɗaya ne tun kafin Ingila da Faransa su shata iyakar nan a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Kai, Baturen nan Heinrich Barth da ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, a tafiyar da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinta, Hausa ya koya don ya yi magana da mutanen ƙasar. Bai jira su koyi nasa ba.

"Wanda ya ce I want ba shi da ladabi"

A nan mutane sun kasu biyu. Wasu na cewa kalmar gaba ɗayanta rashin kunya ce, a guje ta. Wasu na cewa Turawa ba su san kara ba, kai tsaye suke magana, don haka ka faɗi abin da kake so kawai. Duka biyun sun kauce.

Abin dubawa shi ne ko labarin ranka kake bayarwa, ko kuwa wani kake ɗora wa aiki. "I want to be a nurse", "I want to visit Kano", waɗannan ba su da aibi a gaban kowa, ko sarki ne. Amma ka tsaya gaban ma'aikacin ofis ko mai shago da ba ka sani ba ka ce "I want my paper", "I want sugar", a kunnensa umarni ka ba shi. A Ingila iyaye kan tsawata wa yaro in ya ce "I want", su nuna masa cewa da haka ba a samu. Abin da ake cewa shi ne "I would like", ko "could I have", a haɗa da "please". Wanda ya san bambancin "je veux" da "je voudrais" ya riga ya san wannan.

Mu ma haka muke, shi ya sa nake mamakin masu cewa ladabin baƙon abu ne. Wa zai shiga zauren dattijo a Mayahi ya ce "ina son kuɗi"? Sai an yi sallama, an gaisa, an tambayi gida da gajiya, sannan a ce, "Baba, da ma na zo ne in ji ko zan samu ɗan rance." Dubi wannan "da ma" da wannan "ko zan samu". Ingilishi yana da takwarorinsu daidai wa daida. "I wanted to ask you something" siga ce ta abin da ya wuce, amma mai faɗinta yanzu yake tambaya. Ya ja maganar baya ne don ya sassauta ta, kamar yadda "da ma" ke yi. "Could I have" kuwa ita ce "ko zan samu". Yaron da aka nuna wa wannan ba zai sake ɗaukar ladabin Ingilishi a matsayin wata doka ta hadda ba, zai gane tarbiyyar gidansu ce a wani bakin.

Wuri biyu ne na fi so matasa su kiyaye. Na farko takardar neman aiki. Wanda ya rubuta wa shugaban wata ƙungiya "I want you to give me a job" ya yi nahawu daidai, amma ya yi magana irin ta maigida da yaronsa. "I want you to" kalmar na sama ce zuwa ga na ƙasa: uba ga ɗa, likita ga majinyaci, malami ga ɗalibi. Mai nema cewa yake "I would like to apply", ko "I would be grateful if you could". Na biyu tarbar baƙo. "What do you want?" fassarar "me kake so" ce, amma in aka jefa wa wanda ya shigo ofis ko shago, ma'anarta ta fi kusa da "me ya kawo ka nan?" cikin ɗaure fuska. "Can I help you?" ko "what would you like?" su ne na tarba. Tsakanin abokai kuwa ba wani nauyi, "do you want tea?" ta isa.

"Wanna ce ta ainihi, ita Amurkawa ke faɗa"

Masu kallon fina-finai da sauraron waƙoƙi a waya ne ke yaɗa wannan, dattawan malamai kuma su mayar da cewa lalatacciyar kalma ce. Ba sabuwar kalma ba ce, ba kuma lalatacciya ba. "Want to" ce ko "want a" in an faɗe su da sauri, kamar yadda mu ma muke haɗiye wasu gaɓoɓi in hira ta yi daɗi. Ana jin ta a Amurka, ana jin ta a Ingila. A baki ba laifi, a saƙo tsakanin abokai ba laifi, amma ba ta shiga takardar jarrabawa ko wasiƙar aiki. Kuma ba ta bin "he" ko "she" a daidaitaccen harshe, domin can "wants to" ake cewa.

"Wan" ta ƴan cin rani daban take. Ita ta Buroka ce, Turancin kasuwa na Najeriya, wanda miliyoyin mutane ke rayuwa da shi, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Harshe ne mai dokokin kansa. A cikinsa "wan" ba ta tsaya ga so ba, tana kuma nuna abin da ke gab da faruwa: "rain wan fall". Bahaushe zai gane wannan nan take, domin mu ma mukan ce bango yana so ya faɗi, alhali bango ba shi da zuciya. Ingilishin makaranta kuwa cewa yake "it is going to rain" ko "it is about to rain". Saurayin da ya yi shekaru yana tura baro a Ikko ya dawo Hawandawaki da Buroka a baki ya koyo harshe na gaske, wanda ya ci abinci da shi, kuma bai kamata ɗan kwaleji ya raina shi ba. Shi ma kada ya gyara wa ƙanensa aikin gida da shi.

Akwai wata ƴar gajeriyar magana da ake yi cewa "want" da "won't" furucinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne, kuma haɗa su na iya juyar da zance. Wasalin "want" gajere ne, na "won't" kuwa ana jan sa kamar a ce "wount". "I want to pay" mai son biya ne, "I won't pay" mai ƙin biya ne. Haka kuma masu cewa "wanted" ta ɓarayi ce, hotunan da ƴan sanda ke liƙawa ne suka sa su faɗin haka. Ma'anarta "ana nema" kawai. "Driver wanted" a jikin bango aikin tuƙi ne ya samu, "you are wanted in the office" kuma ana kiran ka ne. Gaɓa biyu ake furta ta, ba ɗaya ba.

"Want da need duk ɗaya ne"

Jita-jita ce a yau, amma da gaskiya ce. Kalmar "want" ba ta Ingilishin asali ba ce. Daga harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, na yankin Danmak da Norwe, waɗanda suka mamaye wasu sassan Ingila suka zauna. A bakinsu "vanta" rashi take nufi, kuma da wannan ma'ana ta bayyana a rubutun Ingilishi wajen shekara ta 1200. Sai a farkon ƙarni na 18 ma'anar so ta kafu, domin abin da mutum ya rasa shi ransa ke nema. Tsohuwar ma'anar ba ta ɓace ba. Ranar 6 ga Janairun 1941 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya lissafa ƴanci huɗu da ya ce kowane ɗan Adam ya cancanta, na uku shi ne kuɓuta daga "want", wato fatara da rashi, ba sha'awa ba. Da wannan ma'ana kalmar ta shiga gabatarwar sanarwar ƴancin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 10 ga Disamba 1948. Har gobe a Ingila wani zai ce "this shirt wants washing", yana nufin rigar na bukatar wanki.

A maganar yau da kullum kuwa an raba su sarai. "Need" abin da ba makawa sai da shi, "want" abin da rai ya nema. Wannan bambanci yana da nauyi a ƙasarmu. Tun yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farin ɗango na 2004, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran ƙungiyoyin agaji suka cika jihar Maraɗi da cibiyoyin kula da yara masu tamowa, matasa da yawa na yankin ke samun aikin tafinta da cike takardun bincike. Bahaushe yakan ce "muna son rijiya" alhali bukata yake nufi, domin a wurinmu "so" ta fi taushi a gaban baƙo. Tafintan da ya mayar da ita "we want a well" ya fassara kalmar amma ya rage nauyin maganar, domin mai karanta rahoton ya saba ware abin da ake bukata daga abin da ake marmari. Garin da matansa ke tafiya mai nisa kafin su samu ruwa, "we need a well" ya ce, ko da "so" ce ta fito daga bakin maigari.

"Wish ta fi want nuna ilimi"

Masu rubuta wasiƙu ne ke riƙe da wannan, kuma sun gan ta ne a takardun ofis na Najeriya masu farawa da "I wish to inform you" ko "I wish to apply". A wannan siga kaɗai, wato "wish to" da aikatau, gaskiya ne tana nufin "want" cikin rigar ofis. Da an fita daga nan, kalmomin sun rabu. Ba a cewa "I wish water". Ana cewa "I wish you a safe journey" wajen yi wa mutum addu'a ko fatan alheri. Babban aikinta kuwa shi ne faɗin abin da mutum ya san babu shi, ko ya riga ya kuɓuce: "I wish I had a motorcycle" mai faɗinta ba shi da babur, "I wish I had gone" mai faɗinta bai je ba.

Ɗalibin da ya bi ta Faransanci yakan ɗauki "souhaiter" ya mayar da ita "wish" ko'ina, sai ya rubuta wa abokinsa "I wish you will pass your exam". Abin da ake sa ran zai yiwu na "hope" ne: "I hope you pass". Hausa ta riga ta raba waɗannan ukun tun da daɗewa. "Ina so in je Maraɗi" niyya ce, "ina fata in je" sa rai ne, "ina ma na je" kuwa nadama ce. Ta farko "I want to go", ta biyu "I hope to go", ta uku "I wish I had gone".